Wa Zai Laƙanta wa Malam?

Da damunar bana mahaifina ya cika shekara arba'in da shida a ƙasa. Sai da na sake lissafawa kafin in rubuta, domin ni kaina ban ji tsawonsu ba. Yanzu na girme shi. Ranar da ya rasu gemunsa bai gama yin fari ba, ni kuwa yau ko silin baƙin gashi babu a kaina. Duk shekara idan lokacin ya zagayo ƙannena sukan kira ni a waya, wannan ya yi kuka, waccan ta yi kuka, ni kuma in ce Allah ya jiƙansa, in ajiye wayar in ci gaba da tsintar shinkafata. Ba taurin zuciya ba ne. Wurin da ya kamata in ji zafin ne ya yi sanyi tun ranar, kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta, kuma har yau bai farfaɗo ba.

Sunansa Malam Idi, amma daga Kazaure har Roni, Gwiwa da Babura, Malamin Asibiti aka fi saninsa da shi. Mu ma a gida Malam muke ce masa. Ba likita ba ne, ko allura aka zaro a gabansa sai ya kau da kai. Manomi ne mai karantar da magidanta bayan sallar asuba. Aikinsa a asibiti shi ne zama kusa da marar lafiya, kuma babban burinsa a duniya ɗaya ne: kada wani ya cika a gadon asibiti ba tare da kalmar shahada ce ƙarshen maganarsa ba. A kan wannan ya ƙarar da ƙarfinsa, a kan wannan kuma nake son yin magana yau, domin tasa kalmar ta ƙarshe a kunnena ta faɗa.

Yadda abin ya soma, ba a daɗe da samun mulkin kai ba. A lokacin mutanenmu ba su yarda da kwanciya a asibiti ba. A je a karɓi magani a dawo, wannan babu laifi. Amma da zarar jiki ya yi tsanani sai dangi su naɗe tabarma su ɗauke majinyacinsu, wai kada ya mutu a hannun baƙi, babu mai juya shi gabas, babu mai tuna masa Ubangijinsa. Malam yana da amini, wani makiyayi daga wajen Roni mai suna Bello, wanda bijiminsa ya soke shi a ciki. Likita ya ɗinke shi, ya ce in ya kwanta ya natsu zai tashi. Da zazzaɓi ya rufe shi sai 'yan'uwansa suka tsorata, suka ɗora shi a kan jaki da hantsi suka nufi ruga. Ɗinkin ya warware a hanya. Malam ne ya yi masa wanka, kuma Inna, mahaifiyata, ta ce da ya dawo ko tuwo bai ci ba. Bayan sadakar bakwai ya hau kekensa ya je ya sami likitan, ya ce in an yarje masa zai riƙa zuwa kullum yana zama da marasa lafiya, don mutane su san akwai nasu a ciki. Likitan, wanda ya gaji da tarar da gado babu kowa, ya ce ko yau ya fara.

Babu ofis, babu rigar aiki, babu wanda ya san sunan muƙamin. Abin da yake ɗauka ɗan dutse ne sumul a aljihu, don wanda ba zai iya taɓa ruwa ba ya yi taimama a kwance. Shi ke gaya wa mai ciwo cewa sallarsa a kwance karɓaɓɓiya ce. Shi ke lallashin tsoho ya ajiye azumi ya sha magani, shi ke zama da makiyaya a ƙarƙashin darbejiya har su yarda a ƙara wa ɗansu jini. Rigimarsa da ma'aikatan jinya kuwa ba ta ƙarewa, saboda jan gado. Su sun jera gadaje a layi kamar yadda aka koya musu, shi kuma da ya ga jikin mutum ya yi nisa sai ya kama ƙafar gadon ya karkata shi ya fuskanci alƙibla. Akwai wata babbar nas, Kirista ce daga kudu, mai faɗa kamar me, da ta yi ta mayar da gadajen har ta gaji. Daga baya ita da kanta take jan gadon kafin ya iso.

Sai kuma wata matsala ta ɓullo wadda bai zata ba. Mutane suka lura cewa duk gadon da Malam ya daɗe a kansa, mai shi ba ya kwana biyu. Aka wayi gari da an ji ƙarar kekensa sai majinyata su ja mayafi su yi barcin ƙarya. Wani ma da Malam ya yi masa sallama cewa ya yi, "Allah gafarta Malam, ni fa ƙaya na taka!" Daga nan ya sauya salo. Kowane gado sai ya tsaya, ya tambayi gona, ya tambayi shanu, ya yi addu'a, tsawon tsayuwarsa a kan mai ƙaya daidai da tsawonta a kan mai gargara. Wannan ya sa zagayen da yake gamawa kafin azahar ya koma kai shi har la'asar, kuma gonarsa ta ji a jikinta.

Ni ce 'yarsa ta fari. Gidanmu kuwa gidan fulako ne, kakanninmu makiyaya ne kafin su zauna. Don haka Malam bai taɓa kiran sunana ba. Bai taɓa ɗaukata ba a gaban mutane, ba mu taɓa zama a tabarma ɗaya ba, in na shigo zaure sai ya sunkuyar da kai kan littafinsa. "Yarinyar nan" nake, tun ina rarrafe har na yi aure na fara koyarwa a makarantar firamare. Ban taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba, kowa haka yake yi wa ɗan farinsa. Ni ma da na haifi nawa, Kabiru, haka na yi masa: "yaron nan", ko "kai". Amma ba zan ɓoye ba, idan na ji Malam ya ƙwala wa ƙanwata kira da sunanta daga ƙofar gida, nakan tsaya da abin da nake yi.

Ɗakin mata ne ya haɗa mu aiki. Malam ba ya iya zama a kan gadon matar wani, daga bakin ƙofa yake tsayawa ya ɗaga murya, ita kuwa laƙanta shahada ba ta son ɗaga murya. Saboda haka wata ranar Juma'a da na je gaishe su, ina durƙushe a gefe, sai ya dubi Inna ya ce, "Gaya wa yarinyar nan, in ta tashi daga makaranta ta riƙa biyawa ɗakin mata." Inna ta juyo ta ce, "Kin dai ji." Haka ya koya mini aikin gaba ɗaya, yana kallon Inna, Inna tana tankaɗe, ni ina saurare.

Ya ce ba a ce wa mai gargara "ka ce kaza". Mutum yana cikin azaba, in ka matsa masa zai iya cewa ka rabu da shi, ka ga ka jawo masa abin da ya fi shirun muni. Zama za ki yi wajen kansa, ki faɗi kalmar a hankali kamar da kanki kike, har kunnensa ya ɗauka harshensa ya bi. In ya faɗa, ki yi shiru, ki sa kowa ya yi shiru, kada a sake jan sa da magana. In kuwa ya sake furta wani abu na duniya, ko ruwa ya nema, ko wani ya ambata, to kada ki biye masa, ki sake maimaita kalmar, don ta zama ita ce ta ƙarshe. Wannan na ƙarshen ya nanata wa Inna shi har ta ce, "Malam, ai ko turmin nan ya haddace."

Na yi aiki da wannan karatu shekaru. Ba na manta wata tsohuwa daga Achilafiya. Ta faɗi kalmar sarai, muka yi tsit, can sai ta buɗe ido ta ce, "An rufe kajin nan kuwa?" Na sake faɗa, ta bi ni, ta ɗan huta, ta ce, "Muzuru fa yana nan." Haka muka yi ta yi da ita har rana ta karkata. A ƙarshe dai Allah ya ba ta sa'a, kaji suka sha kaye. Da na ba Inna labari a gaban Malam, na ga kafaɗarsa tana rawa a bayan littafi.

Da kuɗin mai ya shigo ƙasa, aka shimfiɗa kwalta, manyan motocin siminti suka fara wucewa ba dare ba rana, sai asibiti ta cika da irin mutanen da Malam bai saba gani ba. Da can majinyaci da danginsa yake zuwa, da tukunyarsu da tabarmarsu. Yanzu sai a sauko da mutum daga bayan a-kori-kura, jina-jina, babu mai sanin sunansa balle garinsu. Waɗannan su suka fi cin ransa. In ya ga alamar mutum ba Musulmi ba ne, ba ya laƙanta masa komai. Yakan jiƙa masa leɓe da ruwa, ya riƙe hannunsa, ya aika a kira malamin cocin da ke bayan tasha, ya zauna har ya iso. Wani almajirinsa, magidanci, ya taɓa yi masa ƙorafi a kan haka, sai ya ce, "To in tashi in bar shi da bango?"

Wani lokaci nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga asibitocin yau. Bara na je dubiya a birni. Gini har gini, ga na'urori suna ƙara, ga masallaci a harabar da lasifika, ga 'yan agaji da kakinsu suna yi wa mutane jagora, abin da zai faranta masa rai. Amma a ɗakin da aka kwantar da wadda na je dubawa, an tura waya ƙarƙashin matashinta tana karatun Alƙur'ani, 'ya'yanta kuma kowa ya duƙufa a kan tasa wayar yana sanar da dangi halin da ake ciki. Ana cikin karatun sai talla ta katse shi. Babu wanda ya ɗago. A wani ɗakin ma, na masu tsananin ciwo, ba a barin kowa ya shiga, ta gilashi ake leƙe. Ban ce likitoci ba su da hujja ba, sun fi ni sanin aikinsu, kuma mutane da yawa suna tashi yau waɗanda a zamaninmu da sai dai a yi haƙuri. Na dai tsaya a bakin gilashin nan ina tunanin wa ke zaune wajen kan mutumin. Ina jin Malam ba zai yi wa kowa wa'azi ba. Kujera zai nema.

Ciwonsa ya fara da kumburin ƙafa, ya hau har ciki. Da abin ya yi nauyi, ƙanensa Baffa Sale ya ce a mayar da shi gida, ya cika a ɗakinsa cikin iyalinsa. Malam ya ƙi. Ya ce, "Shekara nawa ina hana mutane guduwa? In na gudu, gobe wa zai yarda ya kwanta?" Aka ba shi gado a babban ɗakin maza, cikin sauran jama'a. Nas ɗin nan mai faɗa ita ta karkata gadon tun ranar farko, ya dube ta ya ce, "Tun yanzu?" Ta ce ai gara ta yi da kanta, kada ya sauko ya ja.

Ranar da abin zai faru, an yi ruwa da rana ya ɗauke. Bayan la'asar na shigo da kunu a kwano. A bakin gadon akwai Baffa Sale, da limamin unguwarmu, da manyan almajiran Malam biyu, dukansu masu furfura. Kallo ɗaya na yi wa Malam na gane. Na ga wannan numfashin a ɗakin mata ba sau ɗaya ba. Su ma sun gane, domin kowa bakinsa yana motsi da addu'a a ɓoye. Amma babu wanda ya matsa wajen kansa.

Na ji Baffa Sale ya ce ƙasa-ƙasa, "Liman, bismilla."

Liman ya girgiza kai. "Ni? A gabansa na yi karatu. Ni zan tuna wa Malam kalmar shahada? Sai dai kai, Alhaji, jininka ne."

"Yayana ne fa. Wallahi bakina ba zai iya ba."

Suka dubi almajiran, almajiran suka dubi ƙasa. Ba mugunta ba ce, ba jahilci ba ne, kowannensu ya san hukuncin ya fi ni. Girmansa ne ya ɗaure su. A ganinsu laƙanta wa Malam kamar cewa ne Malam ya manta, kuma wa zai faɗi haka a gaban mutane? Mutumin da ya zauna a kan ɗaruruwan gadaje yana shirin tafiya a cikin shiru, da malamai huɗu tsaye a kansa, kowa yana ba wani girma.

Na ajiye kwanon a ƙasa. Na ratsa ta tsakaninsu na zauna a bakin gadon wajen kansa, kusancin da ban taɓa yi da shi ba tun da na yi wayo. Ban dube shi ba. Na kalli taga, na fara faɗa a hankali kamar da kaina nake: La'ilaha illallah. Na ɗan dakata, na sake. Ban san ko sau nawa ba. Can sai na ji muryarsa, a dushe amma kowane harafi a fili, ya faɗe ta har ƙarshe. Liman ya ce alhamdulillahi, na ɗaga masa hannu, ya yi shiru. Ɗakin ya yi tsit, sai ɗigar ruwa daga indararo.

Da a nan ya tsaya, da yau ina kuka kamar ƙannena.

Sai ya buɗe ido. Ya juyo da kansa, ya dube ni sosai, ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Hajara."

Sunana ke nan. Ban taɓa sanin yadda zai fito daga bakinsa ba, ashe jan tsakiyarsa yake yi kaɗan, kamar yadda mutanen ruga suke yi. Na'am ta taho har bakina. Amma na san karatun, shi ya koya mini: in ya ambaci wani, kada ki biye masa. In na amsa zai ci gaba, numfashin da ya rage masa kuwa bai kai na magana biyu ba. Na haɗiye ta. Na mayar da idona kan taga na ce, La'ilaha illallah. Na sake. Na ji idonsa a kaina. Da na saci kallo na ga leɓensa yana motsi, amma babu sauti, na kasa kunne har na daina nawa numfashin, ban ji komai ba. Sai Baffa Sale ya miƙo hannu ya shafe masa ido.

Na tashi na ɗauki kwanon kunun, har yanzu da ɗuminsa, na ba wani majinyaci da ke gadon kusa. Na fita na gaya wa Inna. Ko ɗigon hawaye ban yi ba, ranar ko bayanta, har mata suka riƙa cewa fulako ne.

A wajen zaman makoki Baffa Sale ya gaya wa kowa cewa Malam ya cika da kalmar shahada, kuma bai yi ƙarya ba. Liman ya ce shi ya ga leɓen, ya kuma ga ɗan yatsa ya ɗaga. Malamai da yawa sun gaya mini tun daga lokacin cewa Allah ba da kunnena yake ji ba, kuma wanda ya rayu a kan abu a kansa yake cikawa. Na yarda da wannan, ina kyautata zato ga Ubangijina, kuma ban taɓa ganin na yi kuskure ba. Aikin da aka ba ni na yi, yadda aka ba ni shi. Sai dai abin da kunnena ya ji na ƙarshe sunana ne, kalmar da na yi shekaru ina jira, ta zo a daidai wurin da ba na son ta. Kuma ya kira ni sau ɗaya a duniya, ban amsa ba. Tsakanin waɗannan biyun zuciyata ta rasa wanda za ta yi wa kuka, ta zauna haka nan.

Me ya rage na Malam Idi? A asibitin babu ɗakin da ke ɗauke da sunansa, ma'aikatan yanzu ba su taɓa jin labarinsa ba, tsohon ginin ma an rushe shi. Dutsen taimamarsa wani ya ara bai dawo da shi ba. Amma yau mutumin Gwiwa ko Kanya Babba yakan kawo mahaifiyarsa ya kwantar, jiki ya yi tsanani bai naɗe tabarma ba, kuma bai san akwai wanda ya bar gonarsa ta lalace kafin hakan ta yiwu ba. Akwai mata biyu da na koya wa zama wajen kai, su ma sun koya wa wasu. Ina ce musu kada girman mutum ya hana su, ko limami ne, ko uban da ya haife su.

Sauran abin da ya rage a gidana yake. Bayan sadakar bakwai na koma ɗakina, na tarar da Kabiru a tsakar gida yana wasa da gwangwani, lokacin bai daɗe da shiga makaranta ba. Na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Kabiru." Yaron ya waiwaya hagu da dama yana neman mai kiransa. Surukata ta saki muciya ta ce, "Yau na ga rashin ta-ido! Ɗan farin naki?" Na sake kira, ya taho yana kallona kamar ya yi laifi. Tun daga ranar nake kiransa da sunansa, a ɗaki, a waje, a gaban surukai, har abin ya daina ba kowa mamaki.

Yanzu shi ma ya yi furfura. Kwanan baya da ƙafata ta fara kumbura na zaunar da shi, ni da shi, babu ɗan aike a tsakani, na koya masa karatun kakansa gaba ɗaya: ka zauna wajen kai, kada ka umarta, in an faɗa ka yi shiru. Ya saurara yana ta cewa, "Haba Inna, Allah ya ƙara nisan kwana." Na ce amin, amma ka riƙe. Sai na ƙara masa abu ɗaya wanda ba ya cikin karatun.

Na ce, "In na kira ka, ka amsa tukuna. Sannan ka maimaita mini."